Bel Guda a Hawa na Uku

"An ɗauke shi! Inna, ki fito, an ɗauki Siddiƙu!"

Daga bakin zaure Larai ta kwaɗa wannan kira, tsakar gida cike da mata masu sussukar gero. Ƙanenta ya samu aiki a wani ginin bene a Kalgo, har an ba shi hular kwano ruwan ɗorawa. Ta ɗora hular bisa ɗankwalinta tana taka rawa, mata na guɗa.

Ita ta goye shi tun yana jinjiri a Masama, can ƙasar Gwandu. Da ya tasa, aikin jinka ya koya. Duk ɗakin da iska ta kware, shi ake kira, ya haye ba takalmi kamar ƙadangare. Da mutane suka koma kwano, jinka ta mutu, ya shekara biyar yana bin birkiloli da kwanon siminti a ka, ga mata, ga 'ya'ya uku.

Ran Juma'a ya zo gida ya ba ta labarin horon da aka yi musu. Wani injiniya ya tara su ƙarƙashin darbejiya, ya nuna musu bel mai igiya da ƙugiya, ya ce duk wanda zai hau sama ya ɗaura, ya maƙala a ƙarfe. Kowa ya ɗaura aka ɗauki hoto. Da motar injiniya ta tashi, ɗan kwangila ya kwashe, ya bar guda ɗaya. Su biyu ne a hawa na uku, shi da Baba Abdulgani, tsohon birkilan da ya yi masa hanyar aikin.

Larai ta tambaye shi wa ke ɗaurawa. Ya yi dariya.

"Adda, mi za a ce da ni? Ina ɗaure kamar ɗan akuya, sa'an ubana na tafiya bisa katako haka nan?"

Ta ce tsohon ai a ciki yake jera bulo, shi kuwa shi ke baki-baki, kan katakon da aka ɗaure da waya. Ya ce wanda ya yi jinka shekara goma ba a koya masa tsayuwa. Ta ce ɗakin jinka in ka faɗo kan kara za ka faɗa. Ta so ta ƙara, sai ta tuna ita ce ta tarbiyyantar da shi kada ya sha ruwa kafin babba. Ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a leda.

Aka yi sati uku. Ranar Laraba da hantsi, bayan yayyafi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya shan fura a ƙofar gida, ya ce wani ya faɗo daga bene a Kalgo, bai san ko wane ne ba. Larai ta ajiye ludayi. Ta kira lambar Siddiƙu sau huɗu. Ta gaya wa Rahmatu, matarsa, cewa ƙila wayar na aljihun rigar da ya rataye.

A na biyar aka ɗauka. Muryar tsoho ce.

"Larai ce? Abdulgani ne. Ɗiyata, sai haƙuri, Allah ya karɓi abinai. Wallahi sau uku na miƙa mishi bel ɗin yau, ya ƙi. Ga shi nan har yanzu a ƙuguna."