Maɓallin da Hajara ke Riƙe Mini

Jiya da hantsi Hajara, matata, ta leƙo ɗaki da yatsa a miƙe.

Tun ranar da muka gudo daga unguwar Yakité zuwa unguwar Kilomita Biyar, hannuna na hagu ba ya aiki. Ba zan faɗi dalili a nan ba. Manhajar da nake tsara kundin digirina a ciki kuwa sai an danna maɓallan kwamfuta uku a tare kafin a ɗaga sashe ko a saukar da shi. Saboda haka ita ke barin girki ta riƙe mini ɗaya, aikin yana ta jan ƙafa.

Na daɗe ina fatan a bar mutum ya zaɓi maɓallansa. Da aka sabunta manhajar, ta ba da wannan dama, na mayar da komai ƙarƙashin hannun dama.

"Malam, yau ba ka kira ni ba," in ji ta.

Na ce, "An sallame ki. Babi na uku ya kammala."

Ta ce, "Ko takardar yabo babu?" Tana dariya, idonta ya cika da hawaye.

Alhamdulillahi, kundin zai ƙare. Ku fa, wa ya taɓa riƙe muku maɓalli?