Tsohon da Ya Ƙi In Taɓa Ƙafarsa

A shekarar da na fara aikin jinya a Lyon, ina zaune a Bron da ke gefen birnin, dusar ƙanƙara ta zuba a tsaunukan gabas da mu irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Ta taru a kan duwatsu, ta zaftaro, ta danne gidaje a wani ƙauye, ta toshe hanya ɗaya tilo da ake hawa can. Ni lokacin ina Paris, na je hutu wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai kanti a unguwar Château Rouge. Ina cikin kantin aka kira ni daga wata ƙungiyar agaji da nakan taimaka wa. Aka ce an sauko da mutanen ƙauyen, ana neman masu jinya, kuma duk wanda ke da bargo ya kawo.

Kawu na da barguna dila-dila a bayan kanti, waɗanda yake aikawa Maradi. Na roƙe shi kaɗan daga ciki.

"Wa za ki kai wa?" ya tambaye ni, bai ɗago daga atamfar da yake ninkewa ba.

"Waɗanda ƙanƙara ta danne wa gidaje, Kawu."

"Nasara ke nan. Ƙasar da ke da jirage masu saukar ungulu ita ke jiran bargona? Ke da kika sha yawon neman ɗaki a Lyon, da sun ga fuskarki sai su ce an riga an kama?"

Na ce sanyi bai san wannan ba. Ya ce in daina yi masa wa'azi a kantinsa. Daga baya ya tura mini dila ɗaya da ƙafa. "Ɗauki, ɗiyata. Ba don su na bayar ba, don kada ki gaya wa uwarki na hana ki ne."

Na ja dilar nan har jirgin ƙasa, daga Lyon kuma kamiyon ƙungiya, babbar motar kaya, ya kai mu wani gari a gindin tsaunin. A babban ɗakin wasanni na wata makaranta aka zuba mutanen, an jera musu gadaje. Wurin na warin jiƙaƙƙun tufafi da miyar gwangwani.

Shugabarmu wata Bafaranshiya ce daga Paris, wadda ta taɓa aikin agaji a Nijar. Da jin daga can na fito sai ta ce mini "sannu" da ƙarfi, ta dafa kafaɗata, ta juya ga sauran ma'aikata.

"Wannan ta san wahala, ta san yunwa. Ba sai mun koya mata komai ba."

Mahaifina malamin makaranta ne, ban taɓa kwana da yunwa ba. Ban gaya mata ba, na dai zame kafaɗata. Ta nuna mini gado na can ƙarshe. "Ku kun iya da tsofaffi. Je ki gwada wancan, ya kori kowa."

Tsohon makiyayi ne, mai shanu. Da ƙarfi jandarmomi suka sa shi a jirgi mai saukar ungulu, don ya ce ba zai bar garkensa a rufe babu mai ba su ciyawa ba. Kafin a zo ɗaukarsa ya yini cikin ƙanƙara yana haƙa ƙofar garken, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafar hagu. Na gaishe shi. Ya dube ni daga kallabi har takalmi.

"A kira mini likita na gaske."

"Likita na wajen waɗanda aka tono," na ce. "Ni ke nan."

"To kada ki taɓa ni."

Na shimfiɗa masa bargon Kawu, mai manyan furanni ja. Ya kama shi da yatsu biyu ya yar a ƙasa. Ya ce shi ba ɗan gudun hijira ba ne, a gidan kakansa aka haife shi, kuma bai taɓa karɓar sadaka ba balle daga hannuna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauko ruwan ɗumi na dire a gabansa, na gaya masa yatsun sun fara baƙi, in yana so a yanke ƙafar gaba ɗaya shi ya sani. Ya yi huci, sannan ya miƙo ƙafar ya kau da kai. Na wanke, na naɗe. Da zafin ya kama shi ya zagi jandarmomi, ya zagi magajin gari, ya zage ni. Haka muka riƙa yi safe da yamma, babu gaisuwa.

Magana ɗaya yake maimaitawa: jirgin da ya iya sauko da shi ya iya kai mutum ya buɗe wa shanu. Na kai wa shugabar maganar. Ta ce akwai mutanen da har yanzu ba a gano ba, jirgi nasu ne. Gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta tana duba wayarta. Da na kawo masa amsar ya ce dama ya san ba zan tsinana komai ba.

Wata safiya shugabar ta zo da mai ɗaukar hoto. Tana so in durƙusa ina lulluɓa wa tsohon bargo, ta ce hoton zai taɓa zuciyar masu bayarwa. Na ce ba zan yi ba. Tsohon kuwa ya ɗauki kwanon miya ya wurga, ya fantsama a wandon mai hoton. Shugabar ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ta yi shekaru tana ciyar da yaran ƙasarmu, ba ta zaci irin wannan daga gare ni ba. Na ce ban ci abincinta ba. Daga ranar ba ta ƙara ce mini "sannu" ba, ta mayar da ni wankin bokitai duk lokacin da ba na wajen tsohon. Shi ma bai sassauta ba. Ya ce ni da ita duk ɗaya muke, masu cin abinci da bala'in mutane.

Da aka buɗe hanya, maƙwabcinsa ya hau ya dawo da labari. Wasu shanun sun mutu a ɗaure, sauran kuma nono ya kumbure musu ya lalace, sai dai mahauta. Tsohon bai yi kuka ba. Ya ce in tashi daga gabansa, na tashi. Washegari motar asibiti ta kai shi Lyon, inda aka yanke masa ƙaramin yatsa.

Bayan na koma aiki aka kira ni a ofis. Ashe tsohon ya kai ƙara cewa wata baƙar mace ce ta lalata masa ƙafa. Na zauna gaban mutanen da ban sani ba ina bayanin zafin ruwan da na sa da yadda na naɗe. Likitan da ya yi yankan ya ce babu laifina, aka sallame ni.

Da bazara wata mata ta tare ni a ƙofar wurin aikinmu, ta ce ita ɗiyar tsohon ce. Ta ba ni haƙuri. Ta ce yana zaune a gidanta a bene, ya ƙi komawa ƙauyen, kullum cikin faɗa yake da maƙwabta. Ta miƙo mini cuku a takarda, na ƙarshe da ya yi da hannunsa. Na tambaye ta ko shi ya aiko. Ta ce a'a, bai ma san ta ɗauko ba. Na karɓa don kada in kunyata ta, na kai wa maƙwabciyata a Bron.