Ranar Da Kika Zaunar Da Mu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina cikin lodin fasinja tela, abokin koyon rubutuna, ya bugo mini waya ya ce Malama ta rasu. Kashe mota na yi, na kifa kaina a kan sitiyari.

Malama, ke marubuciya ce mai littattafai bakwai. Mu kuwa mutum tara ne masu koyon rubutu, muna haɗuwa duk Asabar a ɗan ɗakin bayan laburaren unguwa: tela, malamar jinya, mai gyaran waya, ni direban bas, da sauransu. Da muka aika miki takardar gayyata, manajan laburaren dariya ya yi, wai ina mu ina ke. Sai ga ki kin zo a ƙafa, da leda cike da jan biro.

Ni na fara tashi da takarduna, na ce, "A yi haƙuri, ban yi karatu mai zurfi ba." Kika ce, "Direba, zauna." Tela ya miƙe, shi ma ya fara da a yi haƙuri, kika zaunar da shi. Mutum biyar kika zaunar kafin muka gano bakin zaren. Kika ce, "Sata kuka yi da kuke ba da haƙuri? Wanda ya rubuta ya karanta kawai."

Wallahi na ji haushinki ranar, na ce a raina wannan mata akwai izza. Amma na sake tashi, na karanta labarina babu neman afuwa. Kika saurara ido a rufe, kika ce shafi na biyu ƙarya ne, na uku gaskiya. Kuma haka ne.

Zuwa ɗaya kika yi alkawari, kika shekara uku kina zuwa. Ko da ciwo ya ci ƙarfinki ba ki fasa ba, malamar jinya ke riƙo hannunki a matakala.

To, ba ki yi kwana bakwai a ƙasa ba manajan nan ya kira ni. Wai albarkacinki ake ɗaga mana ƙafa, yanzu sito za a mayar da ɗakin, in kawo makulli. Har da cewa rubutu na masu shi ne. Ji wani zance! Na ajiye masa makullinsa a tebur, ban roƙe shi ba, kuma ba zan roƙe shi ba.

Asabar ɗin da ta wuce na faka bas ɗina a ƙofar laburaren, daidai tagar ofishinsa. Mu tara muka shiga bas ɗin, muka buɗe gilasai, mai gyaran waya ya karanta waƙarsa da ƙarfi har masu wucewa suka tsaya. Biyu daga cikinsu suka hau. Ɗaki aka karɓe, Malama, ba a karɓe bakinmu ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ku kuma maigidan Malama da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Gyare-gyaren da ta yi mana suna nan sun cika takardunmu. Duk ranar da kuka yi kewar rubutun hannunta, ku zo Asabar ƙarfe huɗu, za ku same mu a ƙofar laburare. Babu inda za mu.