Marubucin da Kwamfutarsa ta Ƙi Tashi

Bangon shagon na katako ne, don haka mai gyaran kwamfuta yana jin rigimar da ake yi a baranda.

"Shekara shida kana cewa ka gama littafin nan! Yau da mai bugawa ya ce a kawo, sai kwamfuta ta ƙi tashi?"

"To ni na hana ta, maman yara?"

Ga su sun shigo. Mijin dogo ne, biro uku a aljihu, tabarau a goshi, yana rungume da kwamfutar kamar mai kai gawar maƙiyinsa. Yana ajiye ta sai ya ce, "Ta mutu ko?" Mai gyara bai taɓa jin an yi tambayar nan da irin wannan zumuɗi ba.

Ba ta mutu ba. An kashe ta ne da ƙarfi tana tsakiyar aiki, tsarin fayilolinta ya hargitse. Ya soka mata filashi, ɗan ma'ajin manhaja, ya tada ta, ya sa ta binciki kanta. Layuka suna gudu a allo, gumi yana gudu a wuyan marubuci. Mai gyara bai tambayi wanda ya kashe ta ba, yana dai kallon yadda mutumin yake ɓoye yatsansa na danna maɓalli.

Kwamfutar tana tashi, matar ta ce, "Buɗe mana littafin."

Shafi ɗaya ne tal: sunan littafi, da sadaukarwa ga matarsa mai haƙuri.

Matar ta juya ta fice. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya waiwayo.

"Shago goma a layin nan, sai da ta kawo ni wurin wanda ya iya aiki. Allah ya isa, malam."