Tokata a Kwamfutar Dakta

Ɗan baffana ya kwashe sanin da na tara a aikin feshi, ya zuba a kwamfuta, ya tsaya gaban manoman Batsari bai ko ambaci sunana ba. Ko roƙona aka yi in manta wannan, ba zan iya ba.

Ajinmu ɗaya da shi, ni nake yi masa lissafi, ya kuma sani. Muna aji uku na sakandare mahaifina ya rasu, na goya injin feshi, shi ya wuce har ya zama Dakta.

Wata damina ya zo ya ce, "Yaya, so nake in riƙa bin ka gona." Wai yana nazarin yadda iska ke ɗaukar maganin feshi. Ya ce a da sai an yanka iskar gida-gida kamar dara kafin a yi lissafi. Shi kuwa ya bar gidajen, ya mai da iskar da maganin ɗigo-ɗigo, kwamfuta na bin kowanne duk inda ya nufa. Na gane sarai, kuma ganewar ce ta fi ƙona mini rai. Da an bar ni a makaranta, da ni ne.

A wata gonar masara wajen Runka, gindin wani dutse, ya nuna mini ɗigoginsa a kwamfuta suna ta miƙewa yamma. Na ce ƙarya ne. Na ɗebo toka a aljihu, don ban taɓa fara feshi ban watsa ta ba, na watsa sama. Ta yi gaba kaɗan, ta murɗe a jikin dutsen, ta dawo ta sauka kan waken maƙwabci.

"Ka fesa maganin ciyawa nan da hantsi," na ce, "ka ƙone wa mutum wakensa."

Ya ce, "Yaya, sake watsawa." Sati biyu ina watsa toka yana ɗauka a waya.

Bayan girbi aka tara manoma, ina zaune a layi na uku na kujeru, Dakta ya haska hoto a bango. Ga dutsen, ga ɗigogi suna murɗewa daidai yadda tokata ta yi. Ya ce, "Mun gano cewa..." Mutanen da na daɗe ina gaya wa haka suna ce mini camfi suka hau gyaɗa kai. Wani mutumin Yasore da ya saba tambayata ranar feshi har zungurata ya yi: "Ka ga aikin masu ilimi ko?" Tun ranar bai sake tambayata ba.

Hassada ce, ba na musu. Amma na koyi cewa in ka san abu ba ka da takarda, mai takarda kake tara wa.

A bakin ƙofa ya tare ni yana murmushi. "Yaya, ya ka gani?"

Na kamo hannunsa, na zuba masa toka a tafi. Na ce, "Ga abin da ya gyara maka kwamfuta, Dakta. Gaba in za ka ce 'mun gano', ka nuna ni da yatsa. Ina layi na uku, ban mutu ba."