Anti Mantuwa Mai Ɗibar Jini

A ƙarshen barandar asibitin yara akwai wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da tebur ɗaya, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Nan ake ɗibar jini. Matar da ke aiki a ciki shekararta goma sha tara a kan wannan kujera, gajeriya ce mai jiki, tabarau kullum yana zamowa kan hancinta. Kowa Anti Mantuwa yake ce mata, har likitoci.

Ita kuwa ba ta da mantuwa ko kaɗan. Maigidanta, wanda malamin lissafi ne, yakan ce, "Da ma a gida kike wannan mantuwar, da na huta. Maganar da na yi shekara goma da suka wuce har yau tana bakinki."

Lokacin da ta fara aiki, danne yaro ake yi. Uwa ta riƙe ƙafa, wata ma'aikaciya ta riƙe hannu, yaro na ihu yana fizge-fizge har a rasa jijiya. Hannunta ya iya aiki, amma kullum da ciwon kai take komawa gida. Ita ce babba a gidansu, ƙanne shida ta goya, ba ta saba yaro ya gan ta ya ruga ba.

Wata safiya aka shigo da wani ɗan shekara huɗu yana kuka, ya ƙanƙame jar motar wasa. Tana can tana sa safar hannu, ko dubawa ba ta yi ba, ta ce, "Wannan jirgin naka ya yi kyau."

Kuka ya tsaya. Yaron ya harare ta. "Mota ce."

"Mota? To ina fukafukanta?"

"Mota ba ta da fukafukai. Taya gare ta."

"Guda tara, ko?"

Ya girgiza kai irin na wanda ya gamu da babbar wahala, ya fara nuna mata tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ta huɗu kwalba ta cika, har an ɗora auduga.

A ranar ta gane cewa yaro ba ya iya haƙura ya ga babba na kuskure bai gyara masa ba. Daga nan ta mai da kanta mai mantuwa. A ɗakinta akuya haushi take yi, bayan uku sai bakwai, kaza ƙafa biyar gare ta. Yaro yana kan cinyar uwarsa yana faman koyar da ita, ita tana faman neman jijiya. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: ba ta taɓa ce wa yaro babu zafi. Takan ce, "Za ka ji kamar cinnaka ya cije ka, sau ɗaya." Uwar da ta ce wa ɗanta in bai yi shiru ba za a ƙara masa allura kuwa, sai Anti ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, "Maman yaro, bar mini shi. A nan ba ma horo da allura."

Cikin masu yawan zuwa akwai wata yarinya mai sikila, 'yar shekara bakwai, wadda ake kira Lauya saboda gardama. Tun tana rarrafe Anti ke ɗibar jininta. Wani zuwan, uwarta ta haihu, sai babanta ya kawo ta, wani dogon mai walda da ya cika ƙofa. Ya jingina da bango ya harɗe hannu.

Anti ta ɗaura wa yarinyar roba a dantse, ta ce, "Lauya, tuna mini, kifi a kan bishiya yake kwana, ko?"

"Anti, na gano ki. Kin san komai. Wayo kike mini don kada in kalli allura."

Anti ta ajiye audugar hannunta. "To, an kama ni. Yau yaya za mu yi ke nan?"

Anti ba ta hanzarta ta ba.

"Ni zan yi tambaya yau," in ji Lauya. "Kuma gaskiya za ki faɗa."

"Na yarda. Cinnaka zai cije ki yanzu, fara tambayarki."

"Ina kuke kai jinina?"

"Ɗakin da ke bayan wannan. Akwai na'urar da ke duba shi ta gaya wa likita ko jikinki na buƙatar wani abu."

Yarinyar ta rage murya. "Kullum kuna ɗiba. In ya ƙare fa?"

Ashe abin da ke cin ta ke nan, kuma duk shekarun nan ba wanda ya sani. Anti ta zare allura, ta ɗaga 'yar kwalbar daidai idonta. "Dubi iyakarsa, ko cokali bai cika ba. Jikinki kuma kullum yana yin sabo, ko kina barci."

"Ko ina barci?"

"Ko kina gardama."

Lauya ta yi dariya, ta juya ta nuna wa babanta kwalbar. Sai suka ga mutumin yana sulalewa a hankali jikin bango har ya zauna daɓas a ƙasa, gumi ya rufe masa goshi.

"Ba komai," ya ce. "Zafin ɗakin ne."

Anti ta juya masa fankar da ke kaɗa takardunta, ta ce, "Haka ne, baban Lauya. Sunkuyar da kai ƙasa." Ta miƙa masa ruwa, ta ɗaga shi ta zaunar a kujerarta.

Lauya ta dafa kafaɗarsa da hannun da ke da filasta. "Baba, ka huta. Ba zan faɗa wa kowa ba sai Mama da Goggo da 'yan ajinmu."