Malamar da Ke Tsare Ƙofa da Harafi Ɗaya

Tun kafin mai gadi ya gama share harabar makaranta, Malamar Turanci ta riga ta iso, jaka a kafaɗa, guntun alli ƙulle a bakin mayafinta. Ba ofis take fara shiga ba. Akwai wani ɗan baƙin allo da ke rataye a ƙusa a gefen ƙofar aji biyar. Shi take saukewa, ta goge rubutun jiya da tsumma, ta rubuta harafi ɗaya na Turanci a sama, sannan ta zana gidaje a jere a ƙarƙashinsa, yau huɗu, gobe shida, yadda ta ga dama. Sai ta mayar da allon, ta ja kujera ta tare ƙofa, ta zauna tana jiran mutanenta.

Dokarta ba ta taɓa sauyawa ba. Babu yaron da zai shiga aji sai ya kawo kalmar Turanci wadda haruffanta suka cika gidajen nan cif, harafin ranar yana cikinta, kuma ya faɗi ma'anarta da Hausa. Kalmar da wani ya riga ya faɗa ta ƙone. Saboda haka mai sammako ke kwashe masu sauƙi, makararre kuwa ya tarar an bar masa ƙashi. Wanda ya rasa ba a dukansa. Yana komawa gefe ya saurari 'yan'uwansa, in layi ya ƙare ta raɗa masa ɗaya a kunne, ta ce ya riƙe ta da kyau.

Malaman da suka karantar da mu, kowanne akwai abin da ake tuna shi da shi: wani lissafin ka, wani kyan rubutu, wani kuwa, Allah Ya gafarta masa, bulala kaɗai. Kuma dattawan wancan zamani ba sa barin ma'aikaci ya ajiye aiki shiru. Sai an miƙe a gaban jama'a an yi masa shaida yana ji da kunnensa. Hanyarsu nake bi yau, domin a ƙarshen zangon nan Malama ta ajiye alli bayan fiye da shekara talatin.

Shaidu ba su yi ƙaranci ba. Wani mai shago, uban wata ɗalibarta, ya taɓa tare ta a hanya ya ce, "Malama, ki yi wa 'yarki magana. Ta hana a jefar da kwalin sabulu, ta hana a jefar da gwangwanin madara, har bayan tirela take bi tana ƙirga haruffa da yatsu."

Ta ce, "Ka bar ta, Alhaji. Kai ma da ka ƙirga, da ba ka sayo mana man gashi a matsayin man girki ba."

Da wani shugaban makaranta ya yi ƙorafin cewa layin yana cin lokacin darasi, ba ta yi gardama ba. Ta ƙara sammako, yara suka ƙara sammako, maganar ta mutu. An tambaye ta hikimar wannan takura, ta ce: "In ka ce wa yaro ya kawo kowace kalma, sai ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Ka ƙuntata masa, ka ce gida biyar, kuma da wannan harafi, sai kansa ya san lungun da zai leƙa."

Ke ce mai buɗe baki da rufe ƙofa, Malama. Ke ce kika gane cewa yaro ba ya rasa kalma, hanyar zuwa gare ta yake rasawa.

A cikin ɗalibanta na farko akwai wanda ta sa wa suna Sarkin Latti, domin kullum shi ne ƙarshen layi. Wahalar neman kalmar da kowa bai faɗa ba ita ta mayar da shi gwani, har ya zama tafinta a kotu, yana juya maganar mai ƙara zuwa Turanci, ta alƙali zuwa Hausa. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Likitoci suka yi nasu, ƙafa ta dawo, Hausa ta fara dawowa da ɗingishi, amma Turancin ya kulle. Wurin aiki suka ba shi hutu na iyakantaccen lokaci: in bakin bai buɗe ba, sai ritaya, ga 'ya'ya ba su gama makaranta ba.

Matarsa ce ta zo, ta durƙusa a bakin aji bayan an tashi. Ta ce, "Inna, likita ya ce a riƙa sa shi magana. Mun sa shi, sai ya juya wa bango fuska. Ya ce kalmomin suna nan, yana ganinsu, amma ya rasa ta inda zai kamo su."

Malama ba ta yi alkawarin komai ba. Ta dai sauke allon daga ƙusa ta sa a jaka.

Ta same shi a kan tabarma a tsakar gida, furfura ta cika masa gemu. Ya yi yunƙurin gaishe ta, harshe ya ƙi. Ta zauna kamar ba ta lura ba, ta zana gida uku, ta rubuta harafi, ta ɗora allon a cinyarsa.

"Sarkin Latti, yau kai kaɗai ne a layi. Ba wanda ya riga ka."

Ya daɗe yana kallon gidajen. Ita kuwa zuciyarta na cewa wataƙila ta zo ta tozarta dattijo da wasan yara, domin mutumin da ya tsaya gaban alƙalai ga shi yana gumi a kan gida uku. Matarsa ta buɗe baki za ta taimaka, Malama ta ɗaga mata hannu. Can, da ƙyar, ya furta kalmar da Turawa ke kiran kyanwa da ita. Ya rufe fuska da hannun da ke motsi.

Ta ce, "Ma'anarta? Ba a shiga ajina da rabin amsa."

Tun daga ranar, in an tashi makaranta sai ta bi ta gidansa kafin ta je nata, da rana da ruwan sama, ƙafafunta suna kumbura. Gida uku ya zama huɗu, huɗu ya zama biyar. Akwai ranakun da ya ture allon ya ce ta daina wahalar da kanta. Sai ta ce, "Ina da shekara ashirin da 'yan kai ban gaji da kai ba, yanzu da na saba?"

Ba zan ƙara gishiri ba. Bai koma tsayuwa a gaban alƙali ba, domin saurin maganar kotu ya fi ƙarfin harshensa. Amma da aka gwada shi, an ga fassararsa a rubuce ba ta da aibu, aka ba shi teburin fassara takardu. Aikinsa ya tsira, yaransa suna makaranta.

Ranar ƙarshe ta Malama, ta zana gida biyar kamar kullum. Yara suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya ƙare, sai ga tafinta a baya, cikin babbar riga, yana dogara sanda. Ya ji duk kalmomin da aka kwashe. Ya tsaya a gabanta yana laluben kalma, ita kuma ba ta tausaya masa da ko harafi ɗaya ba. Daga bisani ya furta kalmar da Turawa ke fara godiya da ita, ya ƙirga haruffanta a yatsu biyar.

"Ma'anarta?"

"Godiya, Malama."

Ta kawar da kujera, ta share ido da bakin mayafin da alli ya ɓata. "Shiga. Amma ka yi latti."

Mu ma mun yi latti, Malama, amma ga mu a layi. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Ku kuma malamai masu tasowa, allon yana nan a ƙusarsa, ta bar shi da gangan. Wani a cikinku ya yi sammako ya goge shi, ya rubuta harafin gobe.